Guntayen Kwali Talatin da Ɗaya

Talata 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Hadari ya haɗo tun ƙarfe biyu, baƙi ƙirin daga wajen garin Pitowa. Iska ta kwashe wankin Dada, mahaifiyata, ta kai gidan maƙwabta, muka yi ta gudu muna jera bokitai a bakin kwano. Ɗigo goma ne ko sha biyu suka faɗo. Shi ke nan. Ƙarfe huɗu rana ta fito kamar ba a yi komai ba.

Baba ya dawo daga kamfanin kwali da wuri, kuma bai kawo mini komai ba. Tun ina firamare yake tsinto mini littattafai daga tulin tsofaffin takardun da ake kai musu, kafin inji ya markaɗe su a yi kwali da kiret ɗin ƙwai. Wasu ba bango, wasu ba ƙarshe. Wanda nake karantawa yanzu, na wani likita da 'yar mai gidan burodi, ya tsaya a shafi na 188, daidai lokacin da ya riƙe hannunta a tashar jirgin ƙasa. Ban san ko ta hau jirgin ba.

Na ce, "Baba, yau babu?"

Ya dubi sama ya ce, "Uwata, an yi ruwa a nan?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Na ce a'a. Ya ce, "Ko kaɗan?" Na ce ɗigo goma. Ya ɗauki buta ya zagaya, ya daɗe bai fito ba.

Laraba 23 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Ƙawata Émilienne ba ta zo lise ba, wato makarantarmu ta sakandare. Shekara uku muna zama a benci ɗaya, ko zazzaɓi bai taɓa hana ta zuwa ba.

Alhamis 24 ga Afrilu, kafin magariba

Yau ma ba ta zo ba, don haka da aka tashi na hau moto, wato babur ɗin haya, na nufi lambun mamanta. Lambun Mama Rosalie yana bayan kamfanin su Baba, inda lambatu ke gangarawa zuwa kogin Binuwai. Daga lambatun nan ita da sauran matan suke ɗibar ruwan ban-ruwa.

Tun kafin in sauka na ji warin, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Latas ɗin duk sun kwanta. Yakuwa ta ƙone ta gefen ganye. A kan ƙasar akwai wani ɓawo mai launin toka, idan ka taka sai ya fashe kamar takardar da ta jiƙe ta bushe. Émilienne tana tsugunne tana tone albasa tana jefawa gefe. Mama Rosalie ta ɗaure hannuwanta biyu da tsumma.

Na gaishe ta. Ta ce, "'Yata, kada ki taka nan da takalmin makaranta." Sannan ta ce ranar Talata da yamma ruwan ya zo baƙi, ita kuwa ta riga ta zuba bokiti kusan ashirin kafin ta lura. Ta ce, "Da damina ma yakan zo haka, amma ruwan sama ke kore shi, mu dai sai mu ga ganye ya yi rawaya. Wannan karon ruwan sama bai zo ba. Shi kaɗai ya zo."

Aikin Baba shi ne kula da babban tafkin da ake tara dattin ruwan kamfani, kuma makullin famfon tafkin a wuyansa yake rataye. Ban gaya mata ba. Ta sani.

Émilienne ta rako ni bakin titi. Ta ce, "Zena, ki ara mini kayenki, littafin da kike rubuta lissafi." Ba ta dube ni ba. Ni ma ban dube ta ba.

Asabar 26 ga Afrilu, da hantsi

Zafi kamar a cikin tanda. Na yi shara, na yi wanke-wanke, na sake karanta shafi na 188.

Ina da gwangwanin biskit a ƙarƙashin kayana. Babu wanda ya san abin da ke ciki, ko Émilienne. A kamfanin su Baba ba a rubuta wa ma'aikata umarni a farar takarda. Ana rubutawa ne a guntun kwalin da ya rage wajen yanka, in an tashi aiki kowa ya jefa nasa cikin inji a sake markaɗawa. Sukan ce kamfaninsu ba ya zubar da komai. Shi ya sa ma ake buga musu ɗan koren ganye a jikin kowane kwali. Wata rana Baba ya manta guntu ɗaya a cikin littafin da ya kawo mini, na ce yana da daɗin sa alamar shafi. Tun daga nan, in ya kawo littafi sai ya soke guntun ranar a ciki.

J. ne ke rubuta su. Jonas, mai kula da injuna. Sau huɗu na taɓa ganinsa. Yana da tabarau mai siririn ƙarfe, kuma da ya gaishe ni a bakin ƙofar kamfani na kasa amsawa, na tsaya ina kallon takalmina. Yakan ja wutsiyar harafin sunansa ta zagayo ƙarƙashin layi kamar ƙugiya. Duk likitan da na karanta a littafi, fuskarsa nake sa masa.

Yau ban buɗe gwangwanin ba.

Litinin 28 ga Afrilu, bayan la'asar

Ina tankaɗe a kicin na ji Baba da Dada ta taga. Patoron Louis, mai kamfanin, ya kira Baba ofis. Matan lambu sun kai ƙara, kuma wata mata za ta zo daga Duwala ranar 8 ga Mayu, daga wurin masu ba da izinin buga koren ganyen nan. In suka janye ganyen, manyan masu saye za su daina sayen kwalinsu. Don haka an rubuta wata takarda da ke cewa Mukhtar, wato Baba, shi ya buɗe famfon da ra'ayin kansa, babu wanda ya sa shi. Ana so ya sa hannu kafin matar ta iso. In ya sa, za a sallame shi shiru. In ya ƙi, Patoron ya ce akwai jandarma.

Dada ta ce, "Malam, shekara goma sha tara kana musu aiki."

Baba ya ce, "Hannuna ne ya juya shi, Fatime."

"Bakin wa ya ce ka juya?"

"Bakin ba ya nan. Guntun ranar ya shiga inji tun ranar."

"To, ka ce da matar haka."

Ya ce, "In ce mata me? In ce shaidata ta zama kiret ɗin ƙwai?"

Na zubar da rabin garin a ƙasa. Dada ta shigo ta gani, ba ta ko yi faɗa ba. Da ma ta yi.

Talata 29 ga Afrilu, da safe

Ban buɗe gwangwanin ba.

Laraba 30 ga Afrilu, lokacin hutun makaranta

Émilienne ta dawo. Ta zauna a bencin baya wajen taga. Ta aiko mini da kayena ta hannun wata. Na duba kowane shafi ko ta rubuta mini wani abu a gefe kamar yadda muka saba. Babu.

A bakin famfo na ji wasu 'yan ajinmu na cewa, "Ga 'yar mai famfo nan." Suka yi dariya. Ban sha ruwan ba.

Alhamis 1 ga Mayu, da yamma

Ranar ma'aikata. Kowace shekara Baba yakan sa rigar atamfar kamfani, mai koren ganye a ƙirji, su yi fareti, ya dawo da lemon kwalba a leda. Bana ma an ɗinka masa. Tana rataye a ƙusa. Ya yini a kan tabarma yana gyara rediyon da ba abin da ya same shi.

Maƙwabcinmu ya leƙo ya ce, "Malam Mukhtar, ba a je fareti ba?" Baba ya ce ƙafa ce ke damunsa. Mutumin ya ce, "Allah ya sawwaƙe," ya ɗan tsaya yana kallon rigar.

Bayan azahar na shiga ɗaki na sa sakata na buɗe gwangwanin.

Talatin da ɗaya ne. Na jera su a kan gado bisa kwanan wata. Wasu na gyaran bel ne, wasu na kwashe laka. Goma sha huɗu kuwa magana ɗaya suke faɗa da Faransanci: a buɗe tafki da zarar ruwa ya sauko, umarnin L. Sai ƙugiyar nan a ƙasa. Na farko watan Yuni na shekara biyu da suka wuce. Na ƙarshe Oktoban bara.

Na san kalmomin. Ni ce ta biyu a ajinmu a Faransanci. Ɗaya daga cikinsu ma na zana masa fure a gefe da jan bik, wato biro.

Juma'a 2 ga Mayu

Ba ni da lafiya. Na ce wa Dada ciwon kai ne.

Lahadi 4 ga Mayu, bayan azahar

A littafi, in yarinya ta sami irin wannan, sai ta ruga cikin ruwan sama, ta bankaɗe ƙofa, kowa ya juyo. Ni ko malami ya kira sunana a aji muryata maƙalewa take yi.

Kuma abin da na yi ta juyawa a raina shi ne wannan. In na nuna guntayen, sun nuna an sa Baba ne. Amma sun nuna ya yi sau goma sha huɗu kafin wannan. Mama Rosalie ta ce da damina ganye yakan yi rawaya. Kuma sunan da ke ƙasa ba na Patoron ba ne. Shi harafi ɗaya kawai gare shi a jiki. Hannun na wani ne.

Hadari ya sake haɗowa yau. Baba ya fito tsakar gida ya tsaya yana kallonsa, hannunsa a wuya, inda makullin yake a da. Sun karɓe shi tun ranar Litinin.

Talata 6 ga Mayu, bayan la'asar

Gobe ne ranar sa hannun.

Dada ta tafi barka. Na kai wa Baba shayi, na koma na ɗauko gwangwanin na ajiye kusa da kofin. Ya ce, "Biskit?" Na girgiza kai. Ya buɗe. Ya ɗauki ɗaya, ya miƙar da hannu nesa don ya gani. Ya ɗauki na biyu. Sai ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

Ya ce, "Duk kin adana?"

Na ce e.

"Don me?"

Na ce don alamar shafi. Ya dubi wanda na yi wa fure, ya daɗe, sannan ya kifa shi a hankali. Na so ƙasa ta tsage.

Ya ce, "Uwata, yaron nan Jonas, abin da aka ce ya rubuta yake rubutawa, kamar yadda ni ma abin da aka rubuta nake yi. Matarsa ta haihu watan jiya. Mun je suna."

Na ce, "Mama Rosalie ba ta iya riƙe cokali."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ban taɓa mayar wa Baba magana ba. Ya rufe gwangwanin ya turo shi gabana. Ya ce, "Ni na ba ki su. Naki ne. Ba zan karɓi abin da na ba ki ba." Ya tashi ya yi alwala, alhali lokacin salla bai yi ba.

Talata dai, kafin magariba

J. yana da mata.

Laraba 7 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Baba ya je ya dawo. Bai sa hannu ba, bai kuma ƙi ba. Ya ce musu zai sa gobe a gaban matar Duwala. Dada ta ce mene ne bambancin. Ya ce kwana ɗaya. Da ya faɗa, ni ya duba.

Na goge furen da yawu, sai jan ya bazu ya ƙara muni.

Alhamis 8 ga Mayu, bayan magariba

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Ban shiga ajin rana ba. Na sa gwangwanin a jakar makaranta na tare moto. Mai moton ya ce, "Hajiya ƙarama, me ke ƙara a jakar nan, ko zinariya ce?" Na ce kwali ne. Ya yi dariya har muka wuce kasuwa.

A ƙarƙashin mangwaron bakin lambu aka zauna, don Madam Denise, matar Duwalan, ta ce tana son ta ga ƙasar da idonta. Gajeruwa ce, da takalmin roba na maza. Matan lambu suna zaune a gefe ɗaya. Patoron Louis yana kan kujerar roba, J. a tsaye bayansa riƙe da fayil. Baba yana tsaye shi kaɗai. Takardar tana kan ɗan tebur, an danne ta da dutse.

Patoron ya yi magana mai tsawo. Ya ce kamfaninsa ya hana a ƙona takardun Garuwa, ya ba mutum tamanin aiki, kuma duk gaskiya ne. Ya ce kuskuren tsoho ɗaya bai kamata ya toshe hanyar abincin mutum tamanin ba. Ya cire bik daga aljihu ya miƙa wa Baba. Baba ya karɓa.

Ina bayan bishiyar. Na ƙirga har uku ban motsa ba. Na sake ƙirgawa. Sai Mama Rosalie ta hango ni ta ce, "'Yata, me kike yi a nan da rana tsaka?" Kowa ya juyo. Ashe haka ake ji, kuma ba daɗi.

Na je na ajiye gwangwanin a kan takardar. Duk jawabin da na shirya a moto ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Madam, alamar shafina ce."

Ta buɗe. Ta karanta ɗaya, biyu, ta fara jera su a tebur kamar yadda na jera a gado. Patoron ya leƙa ya ce wannan shara ce, kowane yaro zai iya rubuta irinta. Madam ba ta ɗago ba. Ta ce, "Hannun wa ne wannan?"

Akuyar wani tana ta kuka a can ƙasa.

J. ya cire tabaransa ya goge da gefen riga. Ya ce, "Nawa ne, Madam."

Ta ce, "L. ɗin nan fa?"

Ya dubi ƙeyar Patoron kawai, matan lambu ma suka bi idonsa.

Madam ta tambayi Baba sau nawa ya buɗe. Ya ce, "Waɗannan goma sha huɗu ne. Akwai waɗanda ban kawo gida ba." Ya ajiye bik ɗin a tebur. Sannan ya juya wajen Mama Rosalie ya ce mata wani abu da Fulatanci, a hankali, ban ji duka ba. Ta kau da kai.

Da za mu tafi J. ya wuce ta gabana. Bai gaishe ni ba. Akwai furfura biyu a gefen kunnensa, ban taɓa lura ba.

Asabar 10 ga Mayu, da hantsi

Ba mu san komai ba tukuna. An sa wa famfon sarƙa. An ce an janye izinin koren ganyen har sai an haƙa tafki na biyu, an ce an dakatar da Baba da J., an ce Patoron ya tafi Yawunde. Jandarma dai ba su zo ba. Dada tana leƙa ƙofa duk sanda moto ya tsaya. Wasu matan ma'aikata sun daina amsa gaisuwarta a kasuwa, don in kamfani ya rufe mazansu ma sun zauna.

Madam ta tafi da guntayen. Ta mayar mini da gwangwanin.

Litinin 12 ga Mayu, bayan an tashi lise

Émilienne ta tare ni a bakin ƙofa.

Ta ce, "Shekara biyu suna ƙarƙashin kayanki?"

Na ce e.

"Ke da kike gyara mini Faransanci. Me kika ɗauka 'a buɗe tafki' yake nufi?"

Na so in ce ban gane ba. Na ce, "Ban karanta don in gane ba, Emi. Yadda Jonas yake jan wutsiyar sunansa nake kallo."

Ta dube ni kamar za ta mare ni. Sai ta ce, "Wancan mai wuya kamar na zabo?" Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Ta gyara jakarta ta ce, "Mama ta ce ƙasar sai an kankare ta zurfin tafin hannu a kwashe, kafin ruwa ya nutsar da dattin. Ita kuwa ba ta iya riƙe fartanya." Ta tafi.

Na gaya wa Baba. Ya shiga ɗaki ya fito da shebur ɗin da ya yi tsatsa, ya zauna yana wasa shi da dutse.

Asabar 17 ga Mayu, bayan la'asar

Tun sassafe muke lambu. Baba yana kankara, ni da Émilienne muna kwasa a daro muna kaiwa ramin da aka haƙa nesa da kogi. Da muka isa Mama Rosalie ba ta amsa gaisuwar Baba ba. Wajen ƙarfe goma ta ce da Émilienne, "Ba mutumin nan ruwa." Kuma ta ce ba daga nan ake farawa ba, a fara daga gefen lambatu. Baba ya ce to, ya koma can.

Kunya uku muka gama. Akwai sauran sha ɗaya.

A hanyar ramin Émilienne ta ce, "Yarinyar littafin naki, ta hau jirgin ko ba ta hau ba?" Na ce ban sani ba, an markaɗe ƙarshen. Ta ce, "To ɗaga daron nan da kyau, kina zubar mini a ƙafa."

Muna tashi ruwa ya sauko, na gaske, na farko a bana. Duk muka tsaya a bakin lambatu, har Mama Rosalie da hannuwanta a naɗe, muna kallon abin da zai gangaro. Ya zo ja, launin ƙasar titi. Muka jira. Ja ɗin dai ya ci gaba da zuwa.

Tafin hannuna ya yi kanta, da ƙyar nake riƙe bik. Gwangwanin na bar wa Mama Rosalie, ta ce za ta zuba irin yakuwa.